Dakta Ba Ya Son Warin Taki

Shekara ashirin da biyu Dakta yana cin abinci da binciken ƙasar noma, amma ba a taɓa ganin ƙasa a farcensa ba. Shi ne shugaban ɗakin gwajin ƙasa da ruwa, kuma dokarsa ta farko, wadda ya sa aka buga aka manna a ƙofa, ita ce kada a shigo masa da abu mai wari. Farar rigar aikinsa kullum a goge take, da biro uku a aljihu, biyu ba sa rubutu. In ya taɓa buhun samfur bisa kuskure, sai ya wanke hannu har gwiwa kamar mai shirin shiga tiyata. Ya san sunan kowane irin yumɓu a littafi, amma ka kai shi gona ka ce ya nuna maka inda ruwa ke kwanciya, sai ya tambaye ka ina taswira.

Aikin hannu duk na Auta ne. A wurin aiki Madam ake ce mata. A gida kuwa, da shekararta arba'in da ɗaya da 'ya'yanta uku, Auta take, kuma Auta za ta mutu. Ita ke awo, ita ke wanke kwalabe, ita ke lallaɓa babban injin nan da ke gano magani a ruwa ko da ɗigo ɗaya ne a cikin tanki. Dakta sai dai ya zo ya tsaya a bayanta, hannuwa a baya, ya ce, "Mun samu?" In an samu, mu ne. In ba a samu ba, Madam ce. Ta daɗe da raina shi, irin rainin da ake yi da ladabi, ana gaisuwa ana rusunawa.

Aikin da ya jawo maganar nan yayanta ne ya kawo shi. Yaya yana da kaji dubu tara a filin da mahaifinsu ya bari, bayan gidan da suka tashi, inda mahaifiyarsu Inna take zaune har yanzu. Yana so ya ƙara ɗakin kaji biyu, kuma ya riƙa baza kashinsu a sauran filin maimakon ya yi ta neman masu kwashewa. Hukumar kula da muhalli ta ce sai ya kawo takardar masana. Dalili shi ne kajin suna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani farin gari da ake kaɗa musu a ruwa, da ciwo ko babu ciwo, kuma mafi yawansa yana fita ta baya yadda ya shiga. Tambayar hukuma ɗaya ce: in aka zuba takin a ƙasa, maganin zai sauka ya tarar da ruwan ƙarƙashi ko ba zai sauka ba? A gangaren filin nan, taku arba'in daga inda ake jibge takin, akwai rijiyar da Inna take sha.

Dakta ya karɓi aikin da hannu biyu. Ya sa aka ɗebo ƙasar filin buhu huɗu. Ya sa aka shanya ta, aka daka, aka tankaɗe da rariya mai laushi har ta koma kamar gari, aka cire kowane saiwa da kowane tsakuwa. Auta ta cika bututu goma sha biyu masu tsawon hannu, ta danne ƙasar daidai wa daida, ta jera su a jikin bango da kwalba ƙarƙashin kowanne. Sannan Dakta ya ce a narka maganin a tataccen ruwa, a riƙa ɗiga shi daga sama.

"Ranka ya daɗe, takin fa?" in ji Auta.

"Wane taki?"

"Ai ba ruwan kwalba kajin ke zubarwa a filin ba. Da kashi maganin yake sauka."

Dakta ya kalle ta ta saman tabarau. "Madam, kashin kaji kike so ki ɗura wa injina? Kin san kwana nawa za mu yi muna wanke bututunsa? Kuma taki abu ne marar tsari. Na yau daban, na gobe daban. Zai ɓata mana layin sakamako. Mu magani muke bi, ba ƙazanta ba."

Wato an tambaye shi abin da taki ke yi, shi kuma ya fara da korar takin. Sai mai digiri uku ke iya wannan. Manomin da bai taɓa shiga aji ba, ko barci yake aka tashe shi, ba zai yi wannan wauta ba.

Aka yi kwana ashirin da ɗaya ana ɗiga ruwa. Kwalaben ƙasa suka cika da ruwa garau, inji bai ga komai a ciki ba. Da aka yanka bututun, sai aka tarar maganin duk ya maƙale a sama, bai wuce faɗin tafin hannu ba. Dakta ya yi murna kamar shi ya halicci ƙasar. Ya rubuta rahoto shafi goma sha huɗu, da zane-zane masu launi, ya ce ƙasar wurin tana riƙe maganin, babu fargaba ga ruwan ƙarƙashi. A shafin ƙarshe akwai layi biyu, ɗaya na shugaba, ɗaya na wanda ya yi awon.

A nan kada a wanke Auta. Babu wanda ya ɗora mata wuƙa a wuya. Ta riƙe biro, ta tuna maganar takin, ta kuma tuna Yaya ya kira ta sau biyar a makon nan yana cewa masu gini suna jira. Ta gaya wa kanta cewa ita awo kawai ta yi, kuma awon gaskiya ne, ba ta ƙara ba ta rage ba. Da irin wannan gaskiyar ake yin ƙarya mai kyau. Ta sa hannu, har da ɗan lanƙwasa a ƙarshe, yadda take yi in tana so sa hannun ya yi kyau.

Bayan wata biyu ta je duba Inna. Tsohuwar ba ta jin daɗi. Ciwon mara ne da zafin fitsari, yana tafiya yana dawowa, likita ya canza mata magani har sau uku, kowanne ya yi kamar zai yi sai ya saki. An yi ruwan sama kafin Auta ta iso. Bayan sun gaisa ta zaga baya don ta ga sabon ginin Yaya, sai ta tsaya cak. Tsibin takin ya fi ta tsawo. Daga gindinsa wani baƙin ruwa yana fita a hankali, yana bin gangara, kuma bai yi nisa ba yake ɓacewa. Ta tsuguna ta duba. Ƙasar duk tsaga ce da ramukan tana da hanyoyin tsofaffin saiwoyi, ruwan yana shigewa cikinsu kamar an buɗe masa ƙofa. Duk waɗannan ƙofofin su ta daka a turmi ta tankaɗe, da hannunta.

Ba ta ce wa kowa komai ba. Ranar hutu ta dawo da bututu uku, da guduma da guntun katako. Ta kafa su a filin, ta buga har suka nutse, ta haƙo su da ƙasar a ciki yadda Allah ya ajiye ta, da ramukanta da komai. Ta cika jarka da baƙin ruwan nan. A bayan ɗakin gwaji akwai sito inda ake jibge karyayyun kujeru da tsofaffin fayil, wurin da Dakta bai taɓa leƙawa ba saboda ƙura. Nan ta rataye bututun ta fara ɗiga musu ruwan taki.

A kwana na uku ruwan da ya sauko kwalba ya yi launin shayi. Ta tace shi sau huɗu don kada ya toshe inji, ta jira Dakta ya tafi taro, ta sa. Layin da ya yi kwana ashirin da ɗaya a kwance ya miƙe tsaye a allon kwamfuta. Ta sake, ya sake miƙewa. Abin ba wuyar ganewa. In maganin ya sauka shi kaɗai, ƙwayar ƙasa ce ke kama shi ta riƙe. In ya sauka da taki, abin da ke narke a baƙin ruwan ne yake fara kama shi, ya goya shi, su bi ta tsaga su wuce tare, ƙasa tana kallo. Takin da aka hana shiga ɗakin shi ne abin hawan maganin.

Saura abu ɗaya, wanda take tsoro. Ta ɗebo ruwan rijiyar Inna a kwalba uku ta sa a inji. Kaɗan ne, amma yana nan. Ta san ba dafi ba ne da zai kayar da mutum yau. Aikinsa a hankali yake: yana koya wa ƙwayoyin cuta sabawa da magani, kuma hanyar da ya bi ya iso rijiya, su ma ƙwayoyin da ke cikin takin za su iya bi. Ba za ta iya rantsuwa cewa shi ya hana ciwon Inna warkewa ba. Ba kuma za ta iya rantsuwa cewa ba shi ba ne. Ta zauna a kan kujera mai ƙafa uku a sito, kunya ta rufe ta.

Washegari ta shiga ofishin Dakta da takardun. Ya karanta a tsaye, yana taɓe baki.

"A ina kika yi wannan?"

"A sito."

"Da injina?"

"Na tace sau huɗu, ranka ya daɗe. Babu abin da ya same shi."

Abin da ya fara yi kenan, ya fita ya je ya duba injin. Ya shafa shi, ya leƙa bututunsa, ya dawo ya zauna.

"Bututu uku ba bincike ba ne, Madam. Babu tsari, babu amincewata. Wa ya sani ko kwalaben ne ba ki wanke da kyau ba?"

"Shekara goma sha bakwai nake wanke kwalaben nan. Rahoton da muka bayar ma a cikinsu aka yi shi."

Ya yi kamar bai ji ba.

"Mu janye rahoton," in ji ta. "Mu ce a dakata, a sake da taki."

"Mu ce mun yi kuskure? Ni?" Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. "Rahotonmu daidai yake a kan abin da muka gwada. Ki karanta shafi na uku, an rubuta tataccen ruwa ɓaro-ɓaro. Ba mu ɓoye wa kowa ba. In hukuma ba ta karanta ba, laifin wa?"

"Mahaifiyata ce ke shan ruwan, Dakta."

"Allah Ya ba ta lafiya. Ki ce ta riƙa tafasawa."

Ya san sarai tafasa ba ta da tabbas a kan irin wannan magani, shi da kansa yake koya wa ɗalibai haka. Ta juya za ta fita, sai ya kira ta. Muryarsa ta yi laushi, har da murmushi.

"Amma fa abin da kika gani yana da ban sha'awa. Kada ki zubar da takardun. Baɗi sai mu tsara shi da kyau, bututu talatin, mu nemi wani ɗaki a waje saboda wari. Zai yi maƙala mai kyau ƙwarai. Ba sai mun ambaci wurin ba. Zan sa sunanki a godiya."

Ta daɗe tana tunanin ta gama raina mutumin nan, ashe da saura.

Daga nan ofishin hukuma ta wuce, da wasiƙar janye sa hannunta. Akawun da ke karɓar takardu ya karanta, ya miƙo mata abarta. Ya ce rahoto na ɗakin gwaji ne, shugabansa kaɗai ke iya janye shi, kuma fayil ɗin an rufe, an riga an ba da izini. In tana da ƙorafi ta cike fom, kwamiti yana zama sau biyu a shekara. Ta cike fom ɗin. Ya jefa shi a tire, a kan wasu da suka fara canza launi.

Yaya ta same shi a bakin sabon ɗakin kaji, yana nuna wa masu aiki inda za su kafa mazubin ruwa. Tumbinsa ya ƙaru tun da izini ya fito. Ta ja shi gefe ta yi masa bayani, ya saurara yana sakace.

"To yanzu me kike so?"

"A kwashe tsibin nan daga gangara, a daina bazawa. Kuma a rufe rijiyar."

"Ke Auta, kina da hankali kuwa? In rufe rijiya, maƙwabta su tambayi dalili, in ce musu me? Gobe hukuma ta dawo ta rufe ni?"

"Yaya, Inna ce fa."

"Ni ban san Inna ba ce? Wa ke kai ta asibiti? Ke da kike zuwa sau ɗaya a wata?" Ya tofar da tsinken. "Ni ba masani ba ne. Na je wurin masana, suka ba ni takarda. Sunan wa ke jiki? In takardar ƙarya ce, ba ni na yi ƙaryar ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Ya koma wurin masu aikinsa. A wannan karon dai sakaran ya faɗi gaskiya.

Sai Inna ta rage. Auta ta tsaya a kanti ta cika bayan mota da jarkokin ruwan sayarwa, ta shigo da su ɗaya bayan ɗaya ta jera a barandar tsohuwar. Inna tana zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, ta rame. Kusa da ita akwai kofin silba cike da ruwan rijiya da sabon katin ƙwayoyi, na huɗu kenan.

"Wannan kayan fa? Shago za ki buɗe mini?"

"Ruwan sha ne, Inna. Shi za ki riƙa sha daga yau. Zan riƙa kawowa duk mako."

"Ruwan roba ba ya kashe mini ƙishi. Rijiyata ta ƙafe ne?"

Auta ta durƙusa a gabanta ta yi bayani a hankali, da kalmomin da tsohuwa za ta gane: maganin kaji, da kashinsu, da baƙin ruwan da ke shiga ƙasa. Inna ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta gyaɗa kai, irin na wadda aka riga aka gaya wa.

"Yayanki ya kira ni. Ya ce kun samu saɓani da maigidanki a wurin aiki, kina neman ki huce a kansa."

"Ba haka ba ne, wallahi."

"Miƙo mini wancan."

A bango, tsakanin agogo da hoton jikoki, an rataye wata takarda a cikin gilashi. Auta ba ta lura da ita ba sai yanzu. Shafin ƙarshe ne na rahoton. Yaya ya sa an yi masa firam mai ruwan zinare. Ta sauko da shi ta miƙa. Inna ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta ɗora yatsa a layi na biyu.

"Ni ban iya karatu ba, amma na san hannunki. Duk wanda ya shigo gidan nan sai na nuna masa. Na ce 'yata ce ta auna ruwan nan da inji, ta ce lafiyarsa ƙalau. Har masu ɗiba daga maƙwabta sun ƙaru."

"Kuskure ne, Inna. Ba a gwada yadda ya kamata ba."

"Lokacin da kika sa hannun, ba ki sani ba?"

Auta ta buɗe baki. Da ta ce ba ta sani ba, da ta yi wa uwarta ƙarya. Da ta ce ta sani, to ta gaya wa uwarta cewa ta san da shakka a kan ruwan da take sha, ta sa hannu duk da haka. Ta yi shiru, idonta a tabarma.

Inna ta fassara shirun yadda uwa ke fassarawa. "Kin gani. Ni na haife ki, na san ba za ki sa hannu a kan abin da zai cuce ni ba. Maganarki ta takardar nan na yarda da ita, don ranar ba ki cikin fushi. Ku shirya da ɗan'uwanki, ku daina sa ni a tsakiya."

"Inna, don Allah. Ko na wata ɗaya ne ki gwada na jarkar."

"Ki kai wa yaranki, su suka saba da shi. Lokacin magani ya yi, ɓallo mini biyu."

Auta ta ɓallo ƙwayoyi biyu ta sa mata a tafi. Ta yunƙura za ta buɗe jarka, amma tsohuwar ta riga ta jefa su a baki ta ɗauki kofin silbar. Hannunta yana rawa, ruwan yana zuba a kan zaninta, ƙwayoyin suna narkewa a harshenta da ɗaci har ta yamutsa fuska. Auta ta kai hannu don ta karɓe kofin. Inna ta riƙe gam, tana kallonta ta saman bakinsa. Ba a kokawa da uwa a kan kofin ruwa. Sai Auta ta tallafi gindin kofin don kada ya zube, ta riƙe mata har ta shanye.